HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA: Labarin Masu Ƙananan Sana'o'i a Kasuwannin Filayen Wasa na Amurka

 A wannan mako ina so mu ɗan leƙa ƙasar Amurka, domin wata magana da ta tsaya mini a rai.

Kwanakin baya wani saurayi ya tare ni a hanya, ya miƙo mini wayarsa yana murna. A ciki akwai hoton wani dogon layi na mutane a ƙofar wani shagon biskit a jihar Fulorida. Ya ce mini, "Malam, ka gani? Da dala 800 kaɗai mutumin nan ya fara, ga shi yau sai an yi layi kafin a sayi kayansa." Da muka zurfafa cikin hira sai na gane inda ya dosa, watau yana so ya sayar da rabonsa na gonar gado, ya buɗe shago a birni. Na roƙe shi ya dakata tukuna, mu bi labarin nan daga tushe. Abin da na samu shi ne na kawo muku yau, gama na tabbata ba shi kaɗai ne irin waɗannan labarai suke ruɗa ba.

Ga wanda bai sani ba, a Amurka akwai manyan filayen wasa da shaƙatawa, inda iyalai sukan biya kuɗi su shiga, yara su hau lilo da ƙananan jiragen ƙasa, su yi kallo iri iri. A bakin ƙofar irin waɗannan filaye kuwa akan gina unguwa guda ta kantuna da gidajen abinci, wadda ba a biyan kuɗin shigarta. Mafi shahara ita ce Disney Springs kusa da birnin Olando a Fulorida, wadda aka buɗe a 1975 da wani suna dabam, aka sa mata sunanta na yanzu a 2015. Akwai kuma Downtown Disney a garin Anaheim na jihar Kalifoniya, wadda aka buɗe a 2001. Da yawa daga cikin shagunan waɗannan kasuwanni suna da labarin asalinsu, wanda sukan rubuta a bango ko a jikin takardar naɗe kaya: wannan daga amalanke ya fara, wancan daga ɗakin girki, wata kuwa daga tebur a bakin hanya.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, labaran nan suna da amfani ƙwarai, amma ga wanda ya ji su daga farko har ƙarshe. Wanda ya ji rabi ya ruga, zai iya rasa ɗan abin da yake hannunsa.

Bari mu fara da wanda ya fi kowanne daɗewa, gama a nan ƙaramar sana'a ce ta haifi filin wasan kansa. A 1920 wani manomi mai suna Walter Knott da matarsa Cordelia suka sauka a garin Buena Park na Kalifoniya, suka karɓi hayar gona. Kafin wannan lokaci Walter ya riga ya gwada noma a hamadar Mojave, ya sha wuya shekaru, bai yi nasara ba. A sabuwar gonar suka shiga noman wasu ƙananan 'ya'yan itace masu zaƙi da ɗan tsami da ake kira beri, suna sayarwa a wata 'yar rumfa a bakin titi. A farkon shekarun 1930 Walter ya sami labarin wani sabon iri da wani mutum mai suna Rudolph Boysen ya haɗa, ya kuma bar shi a gonar da ya riga ya rabu da ita. Walter ya je ya tarar da 'yan tsiron sun kusa mutuwa a cikin ciyawa, ya ɗauko su ya yi jinyarsu har suka yi 'ya'ya. Sa'ad da aka zo sa wa irin suna, bai sa nasa ba, ya sa na mai shi. Shi ya sa har yau ake kiransa boysenberry.

Lokacin kuwa ana cikin babban karyewar tattalin arziki da ya fara a 1929, kuɗi sun yi wuya a hannun kowa. A watan Yuni na 1934 Cordelia ta soya kaji ta sayar wa baƙi faranti 8, kowanne a kan santi 65, a cikin kwanukan tangaran na aurenta. Ba ta yi wannan da niyyar buɗe gidan abinci ba, neman abin rufin asiri ne kawai. Amma abincin ya yi wa mutane daɗi, wannan ya gaya wa wancan, har ya zama a wajen 1940 akan sayar da faranti kusan 4,000 a ranar Lahadi ɗaya, mutane suna jiran sa'o'i a layi. Domin kada masu jira su gaji su tafi, a 1940 Walter ya fara gina kwaikwayon tsohon garin masu haƙar ma'adinai da ya zama kufai, domin su riƙa kallo. 'Yarsu Virginia kuma ta kafa ɗan tebur a zauren gidan abincin tana sayar da kayan tsaraba, teburin nan ne ya zama babban kanti mai ɗauke da sunanta. Ba a kewaye wurin aka fara karɓar kuɗin shiga ba sai a 1968. Wannan shi ne asalin Knott's Berry Farm, gidan kajin kuwa yana nan a kasuwar da take bakin ƙofarsa.

Ku dubi lissafin da kyau, 'yan'uwa. Daga 1920 zuwa farantin kaza na farko shekara 14 ke nan. Daga farantin nan zuwa ranar da aka sa shinge, shekara 34. Duka duka shekara 48. Wanda ya karanta labarin a jikin bango zai gama shi cikin minti biyu, amma mutanen nan sun ba da ƙuruciyarsu da tsufansu a kansa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Na biyu, akwai gidan abincin nan Din Tai Fung da ya buɗe reshe a Downtown Disney a 2024. Wanda ya kafa shi, Yang Bing-yi, an haife shi a ƙasar Sin a 1927, ya ƙaura zuwa Taiwan a 1948. Ya yi kusan shekara 10 yana aiki a shagon wani mai sayar da man girki. Da shagon ya rufe, sai shi da matarsa suka buɗe nasu a 1958, su ma na man girki. Ana nan sai man gwangwani ya shigo kasuwa, mutane suka daina sayen na awo, ciniki ya faɗi. A 1972 suka raba shagon biyu, suka fara sayar da wani abinci na curin fulawa da ake cusa wa nama da romo a turara. Wannan abincin ne ya kashe cinikin man ya ɗaukaka sunansu, har jaridar New York Times ta sa gidan cikin fitattun gidajen abinci na duniya a 1993. Mutumin ya rasu a 2023 yana da shekara 96, bai ma ga buɗe reshen Anaheim ba.

Na uku, akwai John Rivers na Fulorida, wanda ya yi shekaru yana aiki a kamfanonin kiwon lafiya. A 2004 ya gasa nama domin a tara wa wani iyali kuɗin jinyar 'yarsu mai fama da ciwon daji. Daga nan ya ci gaba da gasa nama a garejin gidansa domin taimakon makarantu da majami'u da masu bukata, har shekara 5, kafin ya buɗe gidan abincinsa na farko mai suna 4 Rivers a 2009. Daga baya ya kafa motar sayar da abinci a Disney Springs. Watau shekara biyar ya yi yana koyon hannu, mutane suna ɗanɗana abincinsa suna saninsa, kafin ya sa kuɗinsa a shago.

To, mene ne ya haɗa mutanen nan? Abu na fari, kowannensu ya fara da abin da ya riga ya iya, da kayan da suke hannunsa. Cordelia ba ta ci bashi ta sayi faranti ba, na aurenta ta fito da su. Abu na biyu, ba mutum ɗaya ne ya yi aikin ba, miji da mata da 'ya'ya ne, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abu na uku, sun saurari masu saye. Walter manomi ne, Yang mai man girki ne, amma da kasuwa ta juya sai suka juya tare da ita, ba su tsaya gardama ba. Abu na huɗu, ba su saki na hannu ba sai da sabon ya tsaya da ƙafarsa. Yang rabin shago ya ba sabon abinci, Walter kuma bai daina noma ba domin kaza ta karɓu. Waɗannan darussa ne na gaske, ba ni da ja a kansu.

Amma fa akwai abin da ba a rubutawa a bango, shi ne kuwa dalilin wannan rubutu.

Mu koma kan shagon biskit da saurayin nan ya nuna mini. Sunansa Gideon's Bakehouse, mai shi kuwa Steve Lewis. Gaskiya ne kamfanin yana faɗa cewa da dala 800 aka fara shi a 2016, a wani ɗan lungu cikin wata kasuwa a Olando, ya kuma buɗe reshe a Disney Springs a watan Janairu na 2021, mutane suka yi ta jira sa'o'i masu yawa. Amma shi mai shagon da bakinsa yana faɗa cewa ya yi shekara 15 yana gwada haɗin biskit ɗin kafin ya gamsu da shi. Saurayinmu ya ji dala 800, bai ji shekara 15 ba. Dala 800 kuwa ba ita ce jarin ba, shekarun nan su ne jarin.

Haka kuma masu askirim na Salt & Straw, waɗanda suka buɗe reshe a Downtown Disney a 2018. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne Kim Malek da ɗan'uwanta Tyler sun fara da 'yar amalanke a birnin Portland a 2011. Wannan gaskiya ne. Abin da ba a cika ƙarawa ba shi ne, ita Kim ta yi shekaru tana aiki a babban kamfanin Starbucks, ta san yadda ake tafiyar da ciniki, ta kuma kwashe kuɗin ajiyarta na fansho ta zuba. Daga baya, a 2017, manyan masu zuba jari suka sa kuɗinsu a kamfanin. Amalanke ta fara tafiyar, amma ba amalanke ce ta kai su ƙofar Disney ba. Kafin a ba mutum shago a irin wannan wuri, sai an tabbata yana da ƙarfin biyan haya mai tsada, da ɗaukar ma'aikata da yawa, da ciyar da dubban mutane kowace rana ba tare da kaya sun yanke ba.

Sa'an nan ina waɗanda suka fara da amalanke a shekara ɗaya da su, amma ba su kai ba? Hukumar ƙididdigar ayyuka ta gwamnatin Amurka ta daɗe tana nuna cewa cikin sababbin sana'o'i 5, kusan 1 takan rufe kafin ta cika shekara, kusan rabi kuma ba sa wuce shekara 5. Wannan a ƙasar da take da wutar lantarki dare da rana ke nan, da hanyoyi masu kyau, da bankuna masu ba da rance. Waɗanda suka faɗi ba su da bangon da za a rubuta labarinsu, ba wanda yake ɗaukar hotonsu ya sa a waya. Idan ka je gidan biki ka ga amare kaɗai, kada ka ce duk wadda aka nema an aura. Kasuwar filin wasa taron waɗanda suka tsira ne, wanda kuwa ya auna sa'arsa da su kaɗai ya yi awo da mudu mai huji.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu sani, watau shi labarin ma haja ne, sayar da shi ake yi. Masu kasuwa sun gane cewa mutum ya fi sakin kuɗi idan ya ji cewa kayan daga hannun wani talaka mai ƙoƙari suka fito. Domin wannan, inda babu labari sai a ƙirƙira. Ita kanta Disney Springs an shirya mata tarihi na ƙage, wai wani makiyayi ne ya tarar da maɓuɓɓugar ruwa a wurin a tsakiyar ƙarni na 19, gari ya kafu a kewayenta. Babu makiyayin, maɓuɓɓugar kuwa injiniyoyi ne suka gina ta, aka kuma yi wa sababbin gine-gine ado domin su yi kama da tsofaffi. Kamfanin bai ɓoye cewa tatsuniya ce ba, gama tatsuniya ita ce sana'arsa, ba na kuwa kiransu maƙaryata a kan wannan. Abin da nake cewa shi ne, a wurin da aka jera labarin gaske da na ƙage a titi ɗaya, dole mai sauraro ya buɗe kunnensa da kyau. Labarin da aka shirya domin a sayar maka da biskit, ba a shirya shi domin ya koya maka sana'a ba.

Kada kuma mu manta da mai gida. Da yawa daga cikin shagunan nan 'yan haya ne, ƙasar ta kamfanin filin wasa ce. A 2018 an rufe wasu shaguna da gidajen abinci da gidan silima a Downtown Disney domin kamfanin yana so ya gina babban otal a wurin. Bayan 'yan watanni aka fasa ginin otal ɗin. Wasu sun komo, wasu kuwa ba su komo ba har abada, ma'aikatansu suka watse. A 2020 kuma, sa'ad da annobar korona ta zo, an rufe Disney Springs daga watan Maris zuwa Mayu, filin wasan Disneyland kuwa bai buɗe ba sai ƙarshen Afrilu na 2021. Wanda cinikinsa ya dogara ga baƙin wani, ranar da aka rufe ƙofar wancan shi ma tasa ta rufu. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ko labarin iyalin Knott ma yana da ƙarshen da ba a cika faɗa ba. Cordelia ta rasu a 1974, Walter a 1981. A 1997 'ya'yansu suka sayar da filin ga kamfanin Cedar Fair, wanda shi ma ya haɗe da kamfanin Six Flags a 2024. Sunan iyalin yana nan a ƙofa, ana kuma ba da labarin faranti 8 har gobe, amma wurin ba nasu ba ne kuma. Shi kuwa Rudolph Boysen, wanda irinsa ya ɗaukaka gonar, ya ƙare kwanakinsa yana ma'aikaci mai kula da lambunan garin Anaheim, ya rasu a 1950. Ba na faɗin wannan domin in zargi kowa. Ina faɗa ne domin mu ga cewa labarin sana'a ba ya tsayawa a ranar da layi ya yi tsawo.

Na san wani zai ce, "Malam, ai kana kashe wa matasa gwiwa ne. In ba a ba su labarin nasara ba, da me za su yi ƙarfin hali? Wanda bai yi kasada ba, ba ya cin riba." Wannan magana tana da gaskiya a ciki, ban kuwa raina ta ba. Zaman banza ya fi kowace faɗuwa muni, saurayin da yake tunanin sana'a kuma ya fi wanda yake zaune a gindin bishiya yana jiran a ba shi. Ita ma Kim Malek kasada ta yi da kuɗin tsufanta, ta kuwa ci. Amma ta yi kasadar ne da abin da ta tara da guminta, bayan ta yi shekaru tana koyon aikin. Akwai bambanci tsakanin wannan da sayar da gonar da uwa da ƙanne suke ci daga cikinta, domin wani hoto na minti ɗaya. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba. Cikakken labari ba ya kashe gwiwa, yana ma ƙarfafa ta, gama wanda ya san cewa Walter Knott ya faɗi a hamada, ya kuma yi shekara 14 a rumfar bakin titi, ba zai yanke ƙauna ba idan shekararsa ta farko ta zo da wuya. Wanda aka gaya wa dala 800 kaɗai shi ne zai karaya cikin wata shida, ya ce an yi masa asiri.

Saboda haka ga shawarata. Duk lokacin da aka ba ku labarin wanda ya fara daga tebur ya zama attajiri, ku yi tambaya huɗu. Shekara nawa ya ɗauka? A ina ya koyi aikin, a hannun wa? Kuɗin wa ya shiga ciki bayan na farko? Wa yake da wurin a yau? In mai ba da labarin ya kasa amsa waɗannan, to, talla ce yake yi muku.

Ku iyaye kuma, ku da kuka riƙe gida da tuyar ƙosai, ko ɗinki, ko kafinta, ko sayar da hatsi, kuna da naku labarin asali, ya kuma fi na bango amfani ga 'ya'yanku, gama kuna nan da rai za a iya yi muku tambaya. Ku zaunar da su ku gaya musu duka: wanda ya ba ku jarin farko, shekarar da kaya suka lalace, bashin da kuka biya da kuka, abokin cinikin da ya gudu da kuɗinku, da wanda ya tsaya muku. Kada ku ɓoye faɗuwar domin kunya, gama a cikinta darasin yake. Kada kuma ku manta da sunan wanda ya taimake ku, kamar yadda Walter bai manta da sunan Boysen ba.

Shi kuwa saurayin nan, mun sake zama da shi na karanta masa abin da na karanta muku. Ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni ko na san wani mai gidan burodi da zai ɗauki yaro mai koyo. Gonar tana nan ba a sayar ba, ya kuwa ce bana ma zai nome ta.

Sai mun sake saduwa a wannan fili. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya.